Gorar Hajiya Larai

Azumin bana a cikin sanyi ya zo mana. Ƙarfe shida da 'yan mintoci an sha ruwa, mutum bai ma gama tuna cewa yana da ciki ba. Amma ran Asabar ɗin da ta wuce, a wajen buɗa-bakin da muke haɗuwa a Silver Spring, nan Amurka, na zauna ina jin mata suna kukan wahala. Wannan ta ce kanta yana sarawa tun azahar, waccan ta ce ba ta taɓa ganin azumi mai tsawo irin na bana ba. Na dube su, na dubi farantan da ke gabansu. Ana cikin haka sai Hajiya Larai ta ɗaga wayarta tana nuna wa na kusa da ita wani hoto.

"Kun ga 'yarmu Safiya? Ita ce fa take horar da 'yan ƙwallo masu tsaron gida yanzu. Ni tun tana ƙarama na ce yarinyar nan za ta yi nisa."

Safiya 'yata ce. Hajiya Larai kuwa matar wani injiniya ce, ta girme ni, ta kuma riga ni zuwa ƙasar nan da shekara goma, shi ya sa take ganin duk wata 'yar Arewa da ke tsakanin Hyattsville da Silver Spring a ƙarƙashin kulawarta take. Ba ta haɗa komai da 'yata ba sai abu ɗaya, kuma abin yana cikin hoton nan, a gindin ƙarfen raga: wata gorar ruwa ta ƙarfe, ruwan hoda, duk ta lotse. Ban sani ba ko ta gane ta. Ni dai ina ganinta sai na koma wani azumi da muka yi shekara goma sha wani abu da suka wuce, lokacin da watan ya faɗo a tsakiyar zafi.

Ni haifaffiyar Tudun Wadar Kaduna ce, na zaci na san zafi. Ashe ban san komai ba. Zafin gida yana ƙona ka ne ka gudu inuwa ka huta. Na nan jiƙa ka yake yi, ya bi ka har cikin inuwar, ka ji kamar ka sunkuya a kan tukunyar tuwo ka kasa ɗagowa. A hawa na uku muke zaune a Hyattsville, da na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya a tagar falo, mai gurnani dare da rana ba tare da ta tsinana komai ba. Kafin ƙarfe huɗu na asuba mun ajiye cokali, ba za mu sake ganin ruwa ba sai takwas da rabi ta wuce. Wajen la'asar harshe yakan yi kauri a baki, ka nemi yawun da za ka haɗiya ka rasa.

Tun satin farko gero ya ƙare a shagunan 'yan Afirka, don kowa ya kwasa ya ɓoye kamar ana shirin yaƙi. Sai muka koma kunun alkamar Turawa da tsamiya, muna sha muna yaudarar kanmu. Gida uku muka haɗa hannu a benen nan. Ni ke da ƙosai, matar wani ɗalibi daga Maraɗi ke da kunu, sai Rahila, maƙwabciyata 'yar Filato, wadda ba ta azuminmu amma ta ɗauki miya. Tare muke aikin jinya da ita a asibiti ɗaya, kuma ita ta karɓe min aikin yamma na watan gaba ɗaya. Ran Lahadi in ta dawo daga coci takan tuɓe ɗankwalinta ta zauna mu surfa waken sati a baho, tana yi min tsiya wai hannuna bai iya cire ƙowa ba.

Tsarin yinina bai canzawa. Bakwai na safe ina asibiti, uku na rana na tashi, in zo gida in jiƙa wake, in ɗauki Safiya mu nufi filin ƙwallo a wajen College Park. Huɗu da rabi suke fara atisaye, su tashi shida da rabi. Mu dawo in tsaya a kan mai ina suyar ƙosai, jiri yana ɗibata, ƙamshin albasa yana yi min kamar zagi.

Shekarar Safiya sha biyar a lokacin, doguwa, mai manyan hannuwa irin na kakanta. Ranar da ta dawo ta ce an mayar da ita mai tsaron gida, Abbanta ajiye jarida ya yi ya ce, "Gola? A unguwarmu wanda bai iya ƙwallo ba shi ake turawa gola, ko mai ƙiba, ko ƙanin wani. Sun ga baƙar fata sun tura ta baya ke nan." Ni ma haka na ɗauka, na shirya na tafi filin in ga wace ce ta raina mana 'ya.

Na tarar da wata Baturiya gajeriya, mai askin maza, rana ta gasa mata fuska ta yi ja kamar tattasai. 'Yar ƙasar Ayilan ce. Sunanta rubutu daban, faɗa daban, don haka mu a gida Koci kawai muke ce mata. Da ta miƙo min hannu sai na tsorata: babu yatsa ɗaya miƙaƙƙe, kowanne ya kama gabansa. Ta ga ina kallo, ta yi dariya ta fara lissafa min inda kowanne ya karye. Ni da na zo faɗa sai na ƙare ina duba mata gaɓoɓi kamar a asibiti.

A hankali, a bakin shingen filin nan, na ji tarihinta guntu-guntu. A wani ƙauye na bakin teku ta tashi, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa. Tun tana ƙarama take tsare wa yayyenta maza raga a cikin taɓo. Da ta girma ta tsare wa ƙungiyoyin mata, da rana tana aiki a wajen gyaran kifi, da yamma ta hau bas zuwa atisaye tana warin kifin. An kira ta ƙungiyar ƙasarsu, amma akwai wadda ta fi ta, don haka shekara da shekaru benci ta ɗumama, tana ɗaure da safar hannu tana jiran ranar da ba ta cika zuwa ba. Karatu ya kawo ta Amurka, ta tsare raga a jami'a har gwiwa ta ce ta gaji, daga nan ta koma koyarwa. Ta ce min ba wanda ya kasa ake sawa a raga ba, wanda zai iya ɗaukar laifi shi kaɗai ake sawa. Na kai wa Abban Safiya wannan magana, ya ce Turawa ba sa rasa abin faɗa.

Sauran iyayen da ke zuwa filin kuwa, Allah ya sawwaƙe. Kowa da kujerarsa ta naɗewa, da laima, da kula cike da ƙanƙara, kai ka ce hijira za su yi, alhali awa biyu ce. Ga uba da tumbi har gwiwa, wanda na rantse bai taɓa buga ko gwangwani ba, yana ihu yana koya wa 'yarsa yadda ake gudu. Filin ba ciyawar Allah ba ce, ta roba ce, an barbaɗa mata garin tsohuwar taya, in rana ta buga sai ya riƙa tururi yana warin garejin faci. A kan wannan Safiya take faɗuwa tana tashi da azumi a bakinta. Na ce ta ajiye ta rama bayan salla, ta ƙi. Koci ma ta tambaye ta sau ɗaya, ta ji amsa, ba ta sake ba, sai dai ta rage mata gudu ta ƙara mata aikin hannu. Kocin ta ce kakarta ma takan yi kwana arba'in a kan baƙin shayi da busasshen burodi, kuma ba wanda ya isa ya hana ta.

Abin da ya sa Safiya ta nace shi ne, a ƙarshen watan za a zaɓi 'yan babbar ƙungiya, wadda masu neman 'yan wasa daga jami'o'i suke zuwa kallo. Gurbin mai tsaron gida ɗaya ne, su kuma su biyu ne, ita da wata Baturiya. Shekara biyu tana jiran ranar nan.

To ga inda gora ta shigo. Tafin safar mai tsaron gida wata irin roba ce mai laushi. In ta ɗan jiƙe takan kama ƙwallo kamar danƙo, in ta bushe sai santsi. Shi ya sa za ka ga masu tsaron gida suna tofa yawu a tafin hannu suna murzawa. Mai azumi a wannan zafi ina ya ga yawun tofawa? Sai Koci ta ce Safiya ta riƙa ajiye gorar ruwa a gindin ƙarfen raga, duk bayan ɗan lokaci ta sunkuya ta zuba a safar. Ta ce ita a ƙasarsu ba ta taɓa buƙatar gora ba, sama ce take jiƙa mata hannu kyauta. Haka aka yi ta yi har azumi ya kai sha biyar, ni ina zaune ina gani, ruwan nan bai taɓa zuwa kusa da bakin yarinyar nan ba.

Ɗan autan Hajiya Larai yana atisaye a filin da ke gefe a daidai wannan lokaci. Ita ba ta fitowa. Takan ajiye motarta a ƙarƙashin bishiya, ta ɗaga gilashi, ta kunna sanyi, daga nan take duba al'umma. Ran Asabar ta uku a wajen buɗa-baki, an yi salla an zauna, mata sun fi talatin, sai ta juyo gare ni da muryar tausayi, wadda ta fi zagi ciwo.

"Maman Safiya, sannu da ƙoƙari. Ai gara da kika sauƙaƙa wa yarinyar nan. Na hango ta a fili da gorarta, Allah sarki. Yaran da aka haifa a nan ba a matsa musu, a hankali za su koya."

Mata suka juyo suna kallona. Na ce, "Hajiya, ba sha take yi ba, safar hannunta take jiƙawa."

"Safar hannu?" Ta yi murmushi ta dubi na kusa da ita. "To, Allah ya sa haka ne. Ni dai abin da na gani na faɗa."

Wata ta yi 'yar dariya a cikin mayafi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Nan take na ga yadda zancen zai bi waya ya sauka Kaduna kafin in isa gida, har ya kai kunnen surukata, wadda dama ta ce ƙwallo ba aikin 'ya mace ba ne. Ni da nake yi wa Hajiya Larai kallon marar aikin yi, ashe a tafin hannunta nake.

Ran Litinin kafin mu fita na zuge jakar Safiya na zare gorar na ajiye a kan firji.

"Daga yau ba za ki sake zuwa da ita ba sai bayan salla."

Da Turanci ta amsa, kamar yadda 'ya'yan nan suke yi. Ta ce, "Mama, kin fa san ba sha nake yi ba."

"Na sani. Mutane ba su sani ba."

"Su wa?"

"Kada ki tsare ni da tambaya. Ki jiƙa abinki a famfo kafin mu fita. Kuma in na ga hannunki a kan gorar wani a filin nan, ke da ƙwallo har abada. Kada kuma ki kai ni gaban Kocin nan."

Ta dube ni, ta ɗauki jakarta. Tana jiƙa safar a gida ta ƙulle a leda, amma a zafin nan minti ashirin ya isa ta bushe ƙayau. Sati guda tana ɓoye hannu, tana ture ƙwallo maimakon kamawa. Koci tana yi mata faɗa, ita kuma tana cewa gajiya ce.

Ranar zaɓe ta faɗo Asabar, azumi ashirin da huɗu, ƙarfe biyu na rana. Ban taɓa ganin rana irin ta ba. Sama ta yi fari fat, iska ta tsaya cik, ko ganye ba ya motsi. Shugaban masu horarwa ya zo, wani ƙato mai baƙin tabarau da allon rubutu a hammata, irin mutanen da ba sa kallon wasa sai takarda. Aka raba yara gida biyu, Safiya a wannan raga, ɗaya yarinyar a waccan. Yarinyar ba ta da laifi, tana da ladabi, ta kuma iya. Ubanta ne dai ya zo da agogon auna gudu a wuya, ban san me zai auna a jikin mai tsaron gida ba.

Minti ashirin na farko lafiya. Sai aka yi bugun kusurwa. Safiya ta tashi sama ta fi kowa, hannu biyu ta sa wa ƙwallon, na ga ta kama, sai kuma na ga ta sulluɓe kamar sabulu ta faɗo a ƙafar 'yar gaba. Raga ta motsa. Mai tabarau ya rubuta wani abu. Ba a jima ba wata ta buga daga nesa, bugun da ko ni zan tare, ya zo mata daidai ƙirji, ya bi ta tsakanin hannuwanta ya wuce. Mai agogo ya yi tafi har da tsalle. Safiya ta tsaya tana kallon tafin hannunta, ba ta ko waiwayo inda nake ba.

Ana busa hutun rabin lokaci Koci ta nufe ta da ɗingishinta. Ba ta yi mata faɗa ba. Hannuwanta ta kama ta juya, ta shafa tafin safar da babban yatsa. Na ga ta duba gindin ƙarfen raga, ta duba ɗaya gefen, ta yi tambaya. Sai Safiya ta ɗago ido ta dube ni. Shi ke nan. Koci ta tako har bakin shinge.

"Ina gorarta?"

Na fara kame-kame. Na ce ai mu a al'adarmu, in aka ga mai azumi da ruwa a hannu, mutane za su yi zato. Na ce akwai wadda ta gani ta yi magana a cikin jama'a.

"Ta ga tana sha?"

"A'a. Daga mota ta hango ta."

Ta bi inda idona ya je, ta ga motar Hajiya Larai a ƙarƙashin bishiya, don ranar ma ta kawo ɗanta. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta juyo. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ni ban san addininku ba. Amma gaya min, wanda take yi wa azumin nan, shi ma daga mota yake hango ta?"

Na yi shekara ashirin ina jin wa'azi, ban taɓa jin wanda ya shige ni kamar wannan ba, kuma daga bakin matar da ba ta san alwala ba. Na juya na bar shingen. Ruwa nake nema. A motata babu ko ɗigo, don na kwashe komai tun farkon wata. A kulolin Turawan nan duk ruwan zaƙi ne mai launi. Da na tambaya da an samu, na sani. Amma ƙafata ba can ta nufa ba. Na tsallaka wajen ajiye motoci, kwalta tana cin tafin takalmina, na ƙwanƙwasa gilashin Hajiya Larai.

Ta sauke shi kaɗan, sanyi ya bugi fuskata. Ta kwantar da kujera, tafsiri yana tashi a rediyo. A ramin ajiye kofi, kusa da hannunta, ga gora ta ƙarfe ruwan hoda, murfi a buɗe, jikinta yana raɓa, ga shatin jan-baki a bakinta. Ta ga na gani. Hannunta ya tafi zai rufe, ya tsaya a hanya.

"Maman Safiya, wallahi yau ina da..."

"Ban tambaye ki ba, Hajiya. Mace tana da uzurinta, tsakaninta da Ubangijinta ne. Ara min gorar."

Har yau ina alfahari da cewa ban tambaye ta ba. Mai yiwuwa uzurin gaskiya gare ta, ciwo ko al'ada, ba ruwana. Uzurin da na yi mata a cikin daƙiƙa ɗaya shi ne ta kasa yi wa 'yar shekara sha biyar. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ta miƙo min gorar.

Ban zagaya ta bayan shinge ba. Ta tsakiyar fili na bi, da hijabina, da gora a ɗage a hannu yadda duk mai ido zai gani, har wanda ke cikin mota. Alƙalin wasa ya buɗe baki zai yi magana, Koci ta ɗaga masa karkataccen yatsa ya yi shiru. Na isa gaban Safiya na ce, "Miƙo hannunki." Ta miƙo. Na zuba ruwan mai sanyi a tafin safar, yana zuba a kan robar filin yana tururi. Leɓenta ya tsage har da jini, ruwa yana gudu a hannunta, ba ta ko kalle shi ba. Ta murza hannuwanta, ta karɓi gorar ta ajiye a gindin ƙarfen raga.

Bayan hutu ko ɗaya ba ta wuce ta ba. Ta kama ta sama, ta kama ta ƙasa, ta faɗa ƙafar wata ta ɗauke ƙwallo a bakin takalminta. Har mai agogo ya daina tafi. Ana busa tashi sai hadari ya taso daga yamma, baƙi ƙirin, aka yi tsawa guda, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya kwashi kujerarsa da kularsa ya ruga mota. Ta gilashi na hango Koci a tsaye a cikin ruwan, ta tare mai tabarau, tana nuna masa tafin hannunta tana magana, shi kuma yana ƙoƙarin rufe takardarsa da riga. Da ta gama ta zo ta jingina da tagar motata, ruwa yana zuba daga gashinta. Ta ce, "Ga ruwan ƙasarmu ya zo, amma ya makara."

Ya makara ɗin kuwa. Ran Talata sunaye suka fito. Mai tabarau ya ƙirga biyu a wannan raga, ɗaya a waccan, ya ɗauki ɗaya yarinyar. Takarda ba ta da gurbin rubuta cewa uwa ce ta ɗauke gora.

Sauran kwanakin azumin nan Safiya ba ta yi min rashin kunya ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Takan gaishe ni, ta ci ƙosai biyu, ta shige ɗaki. Ranar salla ta sa atamfar da na ɗinka mata, ta tsaya aka yi hoto, ta cire. Rahila ce kaɗai na gaya wa abin da na yi. Ta ajiye wuƙar da take yanka kubewa ta ce, "Ke dai an yi babbar banza. Saboda Larai?" Ban yi musu ba.

Shekara guda Safiya ta yi a ƙaramar ƙungiya, inda ba mai zuwa kallo sai iyaye. Koci ba ta sake ta ba. Duk Asabar da safe, har cikin hunturu ƙanƙara tana zuba, takan same ta a fili su biyu, tana buga mata ƙwallo da ƙafarta mai lafiya. Ta gaya mata cewa ita ta fi kowa sanin zaman jira, kuma abin da ta koya a benci shi ne ka zauna da safarka a jiƙe. Da shekara ta zagayo Safiya ta shiga babbar ƙungiya, amma jami'o'in da take mafarki sun riga sun cika gurabensu da 'yan shekarar da ta wuce. Wata ƙarama ce ta ɗauke ta, ta tsare musu raga shekara huɗu. Ko da ta je babbar da abin ya fi haka, ko da bai fi ba, Allah kaɗai ya sani. Ni dai na san wadda ta rufe ƙofar. Koci kuwa ƙungiyar ta sallame ta daga baya, ta kawo wani saurayi mai tarin takardun shaida da yatsu goma lafiyayyu. Ta koyar a wata jami'a na 'yan shekaru, sannan ta koma ƙauyensu tana horar da 'yan mata a cikin ruwan samanta. Duk salla takan aiko wa Safiya gaisuwa, ta ce a gaida mai gora.

Safiya ba ta taɓa tayar min da zancen ba, ko sau ɗaya, sai jiya. Ta zo shan ruwa gida, muna cikin kwashe kwanuka ta ce a cikin yaran da take horarwa akwai biyu masu azumi, ɗaya iyayenta 'yan Kano ne, ɗaya 'yan Damagaram, kuma ta lura tun farkon wata ba sa zuwa da gora. Da Hausarta mai tsami ta yi maganar, don in ji da kyau.

"Mama, ran Asabar ki zo ki yi wa iyayensu bayani. Ni in na faɗa ba za su ji ba. Ke kika fi sanin abin da suke tsoro."

Na ce to. Na juya ina wanke tukunyar da na riga na wanke.

Asabar zan je. Zan tsaya a gaban matan nan da safar hannu da ruwa in nuna musu, in kuma gaya musu abin da ya ci wa 'yata, ba tare da na rage komai ba. Safiya ta ce ba sai na zo da gora ba, tata tana nan, wadda ta bi ta duk ragar da ta taɓa tsarewa. Har yau ban mayar wa Hajiya Larai ita ba. Ita ma, duk da bakinta, shekara goma sha wani abu ba ta taɓa tambaya ba.